Dylan da manajansa

Jiya da daddare aka ɗauke wuta, na kunna tsofaffin waƙoƙin Bob Dylan a waya. Daga nan sai na shiga karanta labarin rigimarsa da manajansa Albert Grossman, ban ankara ba har caji ya kusa ƙarewa.

A 1962 suka ƙulla yarjejeniya, lokacin Dylan yana ɗan shekara 21, bai daɗe da zuwa New York ba. Grossman kuwa tsohon hannu ne, shi ya haɗa ƙungiyar mawaƙan nan Peter, Paul and Mary. Kuma maganar gaskiya ya yi wa yaron aiki. Ya tsaya masa a gaban kamfanin faifai, ya sa mawaƙansa suka rera waƙoƙin Dylan har sunansa ya karaɗe Amurka. Amma fa kashi 25 cikin 100 yake ɗauka, sannan daga baya Dylan ya gano rabin kuɗin mallakar wasu waƙoƙin da shi ya rubuta yana tafiya aljihun manajan. Nan zumunci ya yi tsami, suka rabu a 1970.

Ni dai na kasa ɗora laifin duka a kan Grossman, ko da yake rabin nan ya yi yawa, haba.

Abin mamaki, Grossman ne ma ya fara kai ƙara kotu a 1981, yana neman kuɗaɗensa. Ya mutu a 1986 cikin jirgi a hanyar Landan, shari'ar na nan. Sai a 1987 Dylan ya biya magadansa aka rufe maganar.