Asabar: canjin ruwa, da lissafin wutar da akwatin murjani ke ci

Asabar, ƙarshen Fabrairu, Kaduna.

Bayan sallar asuba na duba ma'aunin zafi: digiri 25.4. Hunturu ya fara ja da baya, amma iskar har yanzu busasshiya ce ƙayau, kuma jarkar ruwan ciko ta ragu da lita 5 tun jiya. Akwatin gilashin da nake kiwon kifin teku da murjani mai rai a ciki tsawonsa santimita 120, faɗi 50, zurfi 50. Idan aka haɗa da ƙaramin tankin da ke ƙasa, aka cire gurbin da duwatsu suka ci, ruwan bai wuce lita 300 ba. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Kwana uku aka yi ba ciko, lita 15 sun tafi, gishirin ya hau daga 35 zuwa kusan 37 cikin dubu. Kifi zai daure, murjani kuwa sai ya ƙanƙance ya ƙi buɗewa. Kuma ciko da ruwa zalla ake yi, ba da ruwan gishiri ba. Wannan kuskuren shi ya fi cin sababbin shiga.

A da, da moɗa ake wannan cikon safe da yamma, ana bin wani layi da aka ja a jikin gilashi. Yanzu ɗan ido ne na lantarki a tankin ƙasa, da ya ga ruwa ya sauka sai ya tada ƙaramin famfo. Sai dai ƙura da ɓawon gishiri suna rufe masa gani, ya yi ta zuba ruwa ba tsayawa. Maganinsa a goge shi duk mako, kuma kada jarkar cikon ta wuce lita 20, ta yadda ko duka ta juye ba za ta tsinka gishirin ya kai ga kisa ba.

Da hantsi aka shiga canjin ruwa, kashi 10 cikin 100, wato lita 30. Tun jiya na haɗa shi. Gishirin teku na kanti gram 36 zuwa 38 ake sa wa kowace lita, ya danganta da kamfani, ka ga lita 30 za ta ci kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Ruwa ake fara zubawa a durom sannan a riƙa barbaɗa gishiri famfo na juyawa. Wanda ya zuba ruwa a kan gishiri zai ga ya yi fari kamar farau-farau, domin kalsiyam ya daskare ya zauna a gindi, ba kuma zai sake narkewa ba. Gishirin miya ba ya wannan aiki, babu kalsiyam da maganiziyam da alkalin da ruwan teku ke ɗauke da su.

Ruwan da ake haɗawa da shi ma ba na famfo ko na burtsatse ba ne kai tsaye. Sai ya bi matatar RO, mai tura ruwa ta cikin wata siririyar fata: kyandir ɗin farko ya tare laka, gawayi ya cire kulorin da ke cinye fatar matatar, fatar ta tace, ƙwayoyin DI masu kama ma'adanai su share ragowar, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili. Inda ake tuntuɓe a nan shi ne ƙarfin ruwa. Fatar tana son matsi na kusan psi 50 zuwa 60, tankin da ke kan ƙarfe a tsakar gida kuwa ko mita 10 ya kai sama bai fi psi 14 da rabi zai bayar ba. Ba famfon ƙara ƙarfi, sai dai ka ga ruwa na ɗiga kamar hawaye, TDS kuma ya ƙi sauka. Kowace lita mai kyau tana tafe da lita 3 ko 4 na zubarwa, waɗannan bishiyar gwaiba da wanki suka sha. Kan famfo na tagulla kada ya kusanci wannan layi, jan ƙarfe ko ƙanƙani ne yana kashe murjani da jatan lande.

Ma'aunin gishirin da na yi aiki da shi irin na leƙawa ne, a ɗiga ruwa a kan gilashinsa a duba ta haske. Ya nuna 1.026, daidai da gishiri 35 cikin dubu. Tsohon yayi shi ne na roba mai allura mai lilo, wanda ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale wa allurar sai ya yi maka ƙarya. Na leƙawar ma yana kaucewa, gara a saita shi da ruwan gwaji mai gishiri 35, ba da ruwa zalla ba.

Ina zuƙe datti daga bayan duwatsu ɗan yayata ya leƙo ya ce, "Kawu, ina matatar? Na tarwadar Baba Alhaji ma akwai soso." Na nuna masa duwatsun. Bai yarda ba, kuma da a shekarun 1970 ne da shi ke da gaskiya. A lokacin, faranti ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tsakuwa, iska ta riƙa jan ruwa ta cikinta, a jera busassun ƙasusuwan murjani don ado, duk wata a fito da su a wanke su koma fari. Kifi kawai ake iya riƙewa. Akwai wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, da tun farkon shekarun 1960 yake ajiye murjani da duwatsun teku da ruwan teku da hasken rana da 'yar iska kawai, amma waɗanda suka kwaikwaye shi a Turai da Amurka yawanci ba su ji da daɗi ba, su ba teku a bakin ƙofa.

A 1986 George Smit ya yi rubuce-rubucen da suka yaɗa tsarin mutanen Holan a Amurka, inda ruwa ke yayyafowa a kan ƙwallayen roba cikin iska. Tsarin gwani ne wajen mai da amoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, ta koma naitiret, to amma a nan yake tsayawa, naitiret ya yi ta taruwa har gansakuka ta rufe komai. Jamusawa ne suka warware wannan, da abin da ake kira tsarin Balin, wanda sunan Peter Wilkens ke haɗe da shi: duwatsun teku masu rai, injin kumfa mai ƙarfi da ke cire datti, haske mai yawa, da ruwan farar ƙasa da suke kira kalkwasser. Dutsen yana da ramuka, a samansa ƙwayoyin halitta masu son iska ne ke aiki, can ciki inda iska ba ta isa wasu ne ke mai da naitiret iskar naitirojin ta fice. A Balin ɗin ne Dietrich Stüber ya raya Acropora a shekarun 1980, murjani mai rassa da aka daɗe ana cewa ba ya zama a gilashi. Har yau kusan duk akwatin da ka gani jikan wannan tsari ne.

Abin da ya sauya shi ne dutsen. Dutse mai rai daga teku ya yi wuya, murjani mai ƙashi kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ake karewa, sai da takarda yake ƙetare iyaka. Indonesiya ma ta dakatar da fitar da murjani a 2018, sai 2020 ta sake buɗewa. Yanzu da busasshen dutse ake farawa, a zuba ƙwayoyin halitta na kwalba. Ba kaguwa ko tsutsa da za ta biyo shi, amma fanko ne, watanni na farko ƙazanta iri-iri ke yi masa rububi. Idan kuma aka matsa tacewa har naitiret da fosfet suka koma sifili, wata majina mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki takan lulluɓe yashi. Mutanen dā fama suke su rage naitiret, na yanzu har saye suke su zuba. Gwajin yau ya nuna naitiret 5, fosfet 0.06, ban taɓa su ba.

Kofin injin kumfa ya cika da wani abu kamar baƙin shayi mai wari. Injin yana kaɗa iska da ruwa, datti ya maƙale a jikin kumfa ya hau wuya ya zube. Na dā da guntun katako ake hura masa iska, katakon ya toshe cikin 'yan makonni. Na yanzu farfela ce mai allurai ke daddatsa iskar. Iskar ɗaki yake zuƙa fa. Aka fesa maganin sauro ko aka kunna turaren wuta, duk cikin ruwan za su ƙare, maganin sauro kuwa guba ne ga kifi. A kashe injin, a rufe akwatin, ko a kai tiyon iskarsa waje ta taga da ɗan gawayi a baki.

Bayan azahar, gwajin alkali, wato sinadarin da murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashi: a ma'auninsa na dKH 7.4 ne, ina son 8. Bekin soda gram 9 yana ɗaga lita 300 da dKH 1, don haka gram 5 na narkar a ruwan RO na zuba a hankali inda ruwa ke gudu. Ba a ɗaga fiye da 1 a rana, tsalle ne ke ƙona bakin rassan Acropora. Kalsiyam 420, maganiziyam 1300. Duk dKH 1 da murjani ya ci yana tafiya da kalsiyam kusan 7, shi ya sa alkali ake fara aunawa, shi ke saurin nuna motsi. Kanwa kada ma a fara, ba wanda ya san abin da ke cikinta. Hans-Werner Balling ne ya fito da tsarin zuba kalsiyam daban alkali daban a shekarun 1990, yanzu ƙananan famfuna ne ke ɗiga su bisa agogo.

Ƙarfe uku zafi ya kai 26.8, fanka ta tashi. Kowace litar da ta tashi tana tafiya da zafin da ya kai na sauke lita 300 da digiri 2, shi ya sa fanka ke aiki sosai a rani, da damina kuma iska ta jiƙe ta zama ado. Ruwa ya daɗe a 29 ko 30, murjani ya tofar da ƙananan tsiran da ke cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. Afrilu ce jarrabawar.

Da kayan 1995 ne, wannan akwati ba zai zaunu a Kaduna ba. Ƙwan fitilar halaid biyu masu wat 250 kowanne, suna gasa ruwa har sai an sa injin sanyaya, ga ƙwan sai an canza kafin shekara. Dogayen fitilun T5 suka zo bayan 2000, LED ta karɓe wajen 2010. Nawa biyu ne masu wat 90, ana rage su ta waya. Illarsu ba a ganin ƙarfinsu da ido, mutum ya ga kamar duhu ya ƙure su ya ƙona murjani. Sabon murjani daga kashi 40 na hasken ake fara masa, a riƙa ƙara 5 duk mako.

An ɗauke wuta ana kiran magariba. Famfon da ke mai da ruwa sama daga tankin ƙasa wat 30, masu kaɗa igiyar ruwa biyu wat 15 kowanne, injin kumfa 15, duka 75, kuma duk na DC ne, wato irin wutar batir. Awa 12 za su ci wat-awa 900. Batir mai bolt 12 da amp-awa 200 yana riƙe 2,400, rabi ake taɓawa idan na dalma ne, ka ga zai kai safiya da ɗan saura, rana ta fito sola ta karɓa. Haske zai iya jira kwana biyu ko uku, motsin ruwa ne ba ya jira, cikin 'yan awoyi iskar shaƙa ke ƙarewa, manyan kifaye su fara zuwa sama suna haki. Famfon iska mai batir yana rataye a gefe, na gwada shi, tiyonsa ya tsage a baki, na yanke santimita biyu na mayar.

Gobe sai jiƙa masu kaɗa igiya a ruwan tsami na sitirik, gram 50 a lita ɗaya, awa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya don kada ruwan ya tsaya. Na hagun ya fara ƙara.