Abin da na gani a kan ƙwayoyin sanƙarau a ɗakin gwaji

Aikin digirina na biyu a kan ƙwayoyin cutar sanƙarau na yi shi, musamman Streptococcus pneumoniae da Neisseria meningitidis. Ruwan laka da ake ja daga bayan majinyata ya fi zuwa mana tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin ƙura da zafi. Ba a sa shi a firji, sanyi kashe ƙwayoyin yake yi. Nan take ake shuka shi a faranti mai jini, a rufe cikin kwalba da kyandir a kunne har ya mutu da kansa, sai a kai akwatin ɗumi mai maki 37. Samfura da yawa ba sa tsirar da komai, don kafin a kawo yaro asibiti an riga an saya masa kafso a kemis.

Waɗanda suka tsira nakan zuba su a faranti mai ramuka 96, su kwana. Washegari in zubar da ruwan, in ɗauraye a hankali, in sa rini mai launin shunayya. Ramin da ya riƙe launi, ƙwayoyin cikinsa sun yi bayofim, wato sun manne da bango sun lulluɓe kansu da yauƙi na sukari da furotin da gutsattsarin ƙwayar gado, kamar santsin cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba.

Nan ne hankalina ya tashi. Ƙwayar da gwajin yau da kullum ya nuna fenisilin ko seftiriyazon na kashe ta, idan na bar ta ta manne tukuna sannan na zuba maganin, sai na sama su mutu, na ƙasa su rage. Wannan ba bijirewa ba ce irin ta gado, juriya ce. Na can ƙasa sun rage numfashi da hayayyafa, alhali fenisilin tana kama ƙwayar da ke cikin gina bangonta ne. Wadda ta yi likimo ba ta da inda za a kama ta. Shi ya sa idan bututun da ake sa wa yara masu ruwa a kai ya kamu da cuta, likitoci kan cire shi gaba ɗaya, allura kaɗai ba ta wanke shi.

Abin da ya fi damuna kuwa ba a ƙwaƙwalwa yake faruwa ba, a bayan hanci ne. Can waɗannan ƙwayoyi ke zama cunkushe a jikin masu lafiya ƙalau, kuma dukansu biyu sun iya tsintar ƙwayar gado daga maƙwabtansu. Ta haka pneumoniae ke sauya furotin ɗin da fenisilin ke kamawa. Duk rabin maganin da aka sha saboda mura, marasa ƙarfi yake sharewa ya bar wa masu taurin kai fili.

Mu da muke cikin yankin sanƙarau, daga Senegal har Habasha, mun san annobar 1996 da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, da ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara rigakafin Men5CV. Amma wannan allurar Neisseria kaɗai take tarewa. Ta pneumoniae daban ce, tana cikin alluran jarirai, kuma yanzu duk uwar da na haɗu da ita a layin gwaji sai na tambaye ta katin rigakafin ɗanta.