TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Tafiyarmu Abuja wajen mai gyaran ƙashin baya

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda hedimasta ya kira mu ni da maigidana Baban Abba akan rashin natsuwar ɗanmu Abba, yace ko dai mu san yadda za mu yi da yaron nan ko mu nema mishi wata makaranta, lokacin yana aji uku na firamare, shekararsa takwas. To daga nan zan ɗora.

Bayan wannan kiran kowa a dangi ya zama likita. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta tsaya kan cewa iska ce ta shafe shi tun yana goye, aka kawo rubutu aka kawo hayaƙi, har ruƙiyya an kai shi, malamin kuma Allah ya saka mishi da alheri da ya gama karatunsa yace shi fa bai ga alamar komai ba, ku kai shi asibiti. Baffansa cewa yayi ni na sangarta shi, wai bulala ce tayi kaɗan. Wallahi maganar nan ta ƙona min rai, don ni nake mishi wanka, ni nake ganin shatin dorina a bayansa, da duka yana maganin abin nan da tuni ya warke.

Kuma ba wai baya ganewa bane fa. Abba zai ji sura sau biyu ya riƙe. Amma ki aike shi shago ya sayo magi da ashana, sai ya dawo da ashana kaɗai, ko ya tsaya wajen mai faci yana kallon yadda ake cire taya har a fita nemansa. Malami bai ƙarasa tambaya ba ya amsa, layin alwala baya iya jira, titi kuwa a guje yake tsallakawa, akwai ranar da mai keke napep ya kusa kwashe shi a Jekadafari sai Allah ne ya tsare. Abin da yafi taɓa ni shine bayan yayi ɓarnar sai ya zo yana kuka yace "Umma wallahi ban san lokacin da nayi ba." Mutane suna ɗauka wayo ne. Ni na san gaskiya yake faɗa.

Ana cikin haka ƙanwar maigidana da ke aure a Abuja ta turo mishi bidiyo a WhatsApp, wani mutum ne ya kwantar da yaro yana danna mishi baya yana murɗa wuya, ƙashi yana ƙara ƙas ƙas, a ƙasa an rubuta wai yana maganin rashin natsuwa da rawar kan yara ba tare da ƙwaya ba. Tace akwai irin wajen kusa da su kuma 'yar maƙwabciyarta ta samu sauƙi. Baban Abba nan take ya yarda, kuma ina da masaniyar dalilinsa, shekarun baya ya faɗi a mashin hannunsa ya karye, mai ɗori ne ya ɗora shi ya warke sumul, tun daga nan duk abin da ya shafi taɓa ƙashi yana ganin girmansa.

Muka shiga mota da asuba, ta Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, yaron da baya iya zaman minti biyar a tabarma, ku kwatanta yadda muka isa.

Wajen tsaf tsaf, ga sanyin esi, mutumin yace sunan aikinsa kairofraktik. Ya ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna mana, yace duk jijiyoyin jiki ta nan suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, idan ƙashi ɗaya ya goce sai ya danne jijiya, saƙo ya daina tafiya daidai, shi ya sa yaro baya natsuwa. Ya shafa wuyan Abba yace ga shi nan ya ji gocewar, wataƙila tun wajen haihuwa. Maganarsa tana da daɗin ji, ban ɓoye muku ba, don karon farko kenan wani ya faɗa mana cewa ba laifin yaron bane kuma ba laifina bane. Hawaye sai da ya zo min.

Amma da ya kwantar da shi ya kama kansa da hannu biyu ya juya da ƙarfi naji ƙas, gabana ya faɗi, na miƙe tsaye ban sani ba. Abba kam dariya yayi yace a sake. Daga nan aka kai mu wani ɗaki aka manna mishi wayoyi a fatar kai aka kunna allon kwamfuta, wai idan hankalinsa ya tsaya hoton zai ci gaba da tafiya, idan ya gudu sai hoton ya tsaya, sunan wannan nurofidbak, horar da ƙwaƙwalwa. Sannan aka miƙo mana takardar kuɗi. Zama ne da yawa da za a jera watanni ana yi, dole ni da yaron mu tare a Abuja, kuɗin kuwa a hanyar dawowa Baban Abba yace min ba komai zai sayar da filinsa na Tumfure. Nace mishi "Alhaji don Allah ka dakata mu ji ta bakin ƙanina tukuna." Ƙanina ya karanci fisiyo a jami'ar Maiduguri, aikinsa kenan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin masu shanyewar jiki, idan akwai mai sanin ƙashin baya a danginmu to shine.

Ya zo bayan isha'i, na zuba mishi tuwo bai ma ci ba sai da ya gama jin labarin. Yace "Adda, wuyansa aka murɗa?" nace eh. Yayi shiru kaɗan sannan ya fara mana bayani. Yace wannan sana'a wani mutum ne mai suna D.D. Palmer ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka a 1895, kuma shi ba likita bane, ya yi iƙirarin cewa ya danna bayan wani mai gadi da shara da kunnensa ya toshe sai jinsa ya dawo, daga nan ya ɗauka cewa kusan duk cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Yace a yau akwai masu ciwon baya na ƙasa da suke jin sauƙi da irin wannan dannar, wannan ba a musu, amma maganar cewa tana gyara hankalin yaro mai irin matsalar Abba, babu wani ingantaccen bincike da ya tabbatar da hakan. Ƙarar da muka ji ma ba ƙashi bane ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan mutum ya ja yatsunsa. Abin da ya tayar min da hankali shine da yace akwai jijiyoyin jini da suke bi ta cikin ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, ba kasafai ake samu ba amma an sha ganin wanda aka murɗa wa wuya jijiyar ta tsage daga ciki har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Baban Abba yace to ai shi mai ɗori ya gyara mishi hannu. Ƙanina yace "Yaya wannan karaya ce, ana gani ana taɓawa, an haɗa ta haɗu. Shi Abba ƙashinsa lafiya lau." Akan na'urar wayoyin kuma ya yi adalci, yace ita bata cutarwa, wutar ƙwaƙwalwa take aunawa da gaske, sai dai a binciken da aka yi inda iyaye da malamai ba su san yaron da aka sa wa na'urar gaske da wanda aka sa wa ta bogi ba, bambancin da aka gani kaɗan ne ƙwarai. Yace shi ba zai ce a sayar da fili akan haka ba. Shawararsa ɗaya ce, mu je asibitin koyarwa na nan Gombe mu ga likitan ƙwaƙwalwa.

Nan ne aka ja daga. Maigidana yace ɗansa ba mahaukaci bane da za a gan shi a layin masu taɓin hankali, gari ya ɗauka. Na sha lallashi, har sai da Hajiya da kanta ta sa baki tace tunda malam ma yace asibiti to a je.

Likitan bai taɓa ƙashin Abba ba, bai ɗebi jini ba, bai ce a ɗauki hoton kai ba, yace wannan matsalar babu gwajin jini ko hoto da yake nuna ta. Tambayoyi ne kawai amma masu yawa, tun daga cikinsa da haihuwarsa, yaushe ya fara magana, yaya barcinsa, yana minshari, yana ji sosai, yana ganin allo, yakan yi shiru ya ƙura ido na ɗan lokaci ba ya amsa kira, don yace akwai irin farfaɗiyar da haka kawai take nunawa sai a ɗauka rashin kula ne. Ya bamu takarda mu kai wa malamar ajinsu ta cike, wata kuma ni na cike. Duk wannan lokacin Abba ya buɗe durowar tebur, ya hau ma'aunin nauyi, ya tambayi likita kuɗin agogonsa, ina ta harararsa likitan yace "Hajiya ƙyale shi, ina kallonsa ne."

Da muka koma da takardun yace sunan abin ADHD, matsalar rashin tsayar da hankali da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Yace ba kowane yaro mai ƙiriniya ake sa wa sunan ba, sai alamomin sun fara kafin shekara 12, sun wuce wata shida, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali, kuma suna hana yaron ci gaba. Wajen yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma ba sabon abu bane, tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yaran. Yace ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi yake ce wa mutum dakata, shi yake zaɓar abin da za a saurara a bar saura, to a wajen irin su Abba wannan ɓangaren yana jinkirin nuna, kuma sinadaran da ke kai saƙo a cikinsa irin su dofamin ba sa aiki yadda ya kamata. Yace in ɗauka yaron yana tsaye ne a tsakiyar kasuwar Tudun Hatsi kowa yana kiransa lokaci ɗaya, muryar malami ɗaya ce kawai cikin muryoyin, bata fi ƙarar fanka ko kukan akuyar waje ƙarfi ba.

Sai ya juya ya tambayi Baban Abba ko akwai mai irin wannan halin a dangi, don yace yawanci gado ne. Maigidana yace babu. Amma da muka dawo gida nake ba Hajiya labari sai ta tafa hannu tace "Yo ai ubansa ne! Wannan da har turke shi na taɓa yi da zani a jikin bishiya don in samu in yi daka." Ashe haka ya taso, duka a makarantar allo, duka a boko, ana ce mishi daƙiƙi har ya bar karatu a aji uku na sakandare ya shiga kasuwa. Mutumin da lissafin shagonsa duk a kansa yake, bai taɓa ɓata ba, amma kullum sai an nemi makullin mashin. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin wannan labarin ba. Da dare yace min shi duk tsawon rayuwarsa ya yarda cewa ba shi da ƙwaƙwalwar karatu ne, kuma abin da ya sa yake zafafa wa Abba tsoro yake kar ya zama irinsa. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga mishi hannu ba, kuma shi da kansa yaje islamiyyarsu ya roƙi malamin shi ma ya daina dukansa.

Likita ya bamu abubuwan yi a gida, kuma ba su da sauƙi kamar yadda suke a baki. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, in kira sunansa ya kalle ni sannan in faɗa, ya maimaita min. Aikin gida a yanka shi gutsi gutsi, yayi kaɗan ya tashi ya zaga ya dawo. A aji a dawo da shi bencin gaba nesa da taga. Idan yayi daidai a yaba mishi nan take kar a bari sai anjima. Lokacin barci ɗaya kullum, waya a ɗauke da dare, ƙwallo kuma a bar shi ya buga da yamma har ya gaji. Malamar ajinsu ta karɓi abin hannu biyu, ta mai da shi mai goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin tashi ba tare da an ce yayi laifi ba.

Sauran magana ɗaya ita ce magani. Likitan yace a shekarun Abba ana haɗa wannan horon da wani magani mai suna metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, yace shine aka fi bincike akansa kuma yana taimakon yawancin yaran da aka ba, amma yana rage cin abinci, yakan hana barci idan an sha da yamma, dole a dinga auna nauyin yaro da tsawonsa da bugun zuciyarsa, kuma ba a sayar da shi sai da takardar likita don yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido. Hajiya tana jin haka tace atafau, ita da ta ga yadda tiramol da kodin suka lalata samarin unguwa ba za a fara ba jikanta ƙwaya yana ɗan shekara takwas ba. Filin Tumfure dai bai sayu ba, Abuja ma ba mu koma ba, ƙanwar maigidana har fushi tayi da ni na wani lokaci. Yadda muka ƙare da Hajiya akan maganin, da wahalar da muka sha kafin mu same shi a kemis, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.