Ku duba tsakin kafin ku taɓa injin buga ƙwayar magani

Abu na farko da nake so matasan da ke shiga aikin sarrafa magunguna su riƙe shi ne, injin buga ƙwaya ba ya auna nauyi. Gurbi yake cikawa da duk abin da ya zubo, sannan ya matse. Saboda haka duk bambancin da ke cikin tsakin maganin, wato ƙananan dunƙulen garin magani da ake zuba wa injin, zai bayyana a nauyin ƙwayar, da taurinta, da yawan sinadarin da majiyyaci zai haɗiya.

A farkon aikina na ɗauki garin da ke gauraye da tsaki a matsayin aibi, har na sa aka tankaɗe shi aka cire domin tsakin ya riƙa gangarowa daga mazurari ba tare da tsayawa ba. Gangarowar ta gyaru, amma nauyin ƙwayoyin ya daina daidaita, domin manyan tsaki suna barin giɓi a tsakaninsu, kuma garin da na cire shi ne mai cike wannan giɓin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwaji ya nuna ƙarfin maganin ya ragu, saboda sinadarin ya fi taruwa a cikin garin. Na yi ta juya saitin inji ina neman gyara, alhali matsalar ta faro tun daga rariya.

Wannan ba ya nufin yawan gari alheri ne. Idan ya wuce kima yakan hana gangarowa, ya riƙe iska a lokacin matsa, sai saman ƙwayar ya ɓalle bayan ta fito. Girgizar inji kuma takan sa ƙanana su sulale ƙasa, manya su taru a sama, ta yadda ƙwayoyin farko da na ƙarshe ba za su zama ɗaya ba.

Girman tsaki yana farowa ne daga wurin kwaɓi. Idan ruwan haɗi, wato ruwan da ake kwaɓa garin da shi don ya dunƙule, ya yi yawa ko aka daɗe ana kwaɓawa, tsakin zai fito manya masu tauri, kuma ƙwayar da aka buga da su takan jinkirta sakin magani a ciki, ko da kyan ganinta bai da laifi. A ganina wannan ya fi haɗari, domin ido ba ya kama shi. Ƙa'idar magunguna ta Turai ta ba ƙwaya marar rufi minti 15 ta wargaje a ruwa mai ɗumin digiri 37, kuma a gwajin ƙwayoyi 20 masu nauyin miligiram 250 ko fiye, ba a yarda fiye da biyu su karkace daga matsakaicin nauyi da sama da kashi 5 cikin ɗari ba. A gwajin gogayya kuma, inda ake juya ƙwayoyin a cikin ganga don a ga yadda suke marmashewa, bayan juyi 100, ba a son asarar nauyi ta wuce kashi 1 cikin ɗari.

Kada ku gamsu da matsakaicin girma kawai. Ku jera rariyoyi daga mai manyan ƙofofi zuwa mai ƙanana, ku auna abin da ya tsaya a kowace, ku ɗebi samfuri daga sama da tsakiya da ƙasan mazubi, sannan ku rubuta yawan ruwan haɗi da tsawon lokacin kwaɓi na kowane zubi. Idan za ku cire wani kaso na gari, ku fara aika shi ɗakin gwaji a auna sinadarin da ke cikinsa.