Abin da Tarihin Los Van Van Ya Koya Mini a Aikin Rediyo

A wurinmu masu shirya filin kaɗe-kaɗen ƙasashen waje a rediyo, an saba gabatar da makaɗi da jerin lambobin yabon da ya samu, kamar su ne ma'aunin gwanintarsa. Nazarin tarihin Los Van Van, ƙungiyar kiɗan rawa ta ƙasar Kuba, shi ya sa na daina dogara da wannan ma'auni.

Juan Formell ne ya kafa ƙungiyar a birnin Havana a ƙarshen 1969, bayan ya bar ƙungiyar Elio Revé. Ya tarar da tsohon salon charanga, wanda sarewa da goge irin na Turawa suke jagoranta, sai ya shigar masa da kayan kiɗa na lantarki, kuma shi da mai buga masa ganga Changuito suka ƙirƙiro wani sabon kiɗa da ake kira songo. Mutanen Kuba sun yi ta taka rawa da shi har tsawon shekara 30 kafin Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, ta zo a 2000. Dalilin jinkirin kuwa siyasa ce, domin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kuba tun farkon shekarun 1960 ya toshe wa makaɗan tsibirin babbar kasuwar da alƙalan gasar suke saurare. Ko da suka je wasa Miami a watan Oktoban 1999, sai da 'yan Kuba mazauna can masu adawa da gwamnatin Fidel Castro suka yi zanga-zanga a ƙofar zauren, har da jifan 'yan kallo.

Tun daga nan, idan zan gabatar da wata ƙungiya, nakan fara bincika ko mutanen garinsu suna tashi rawa idan an buga, kamar yadda ake gane gwanin kalangu a gidan biki, sannan in duba wane ne ya ba da lambar, kuma kasuwar wa yake saurare.

Haka kuma na koyi lura da abin da yakan faru idan manya suka tafi. Makaɗin fiyano César Pedroso ya fita a 2001 ya kafa tasa ƙungiyar, Formell kuma ya rasu a watan Mayun 2014, watanni kaɗan bayan hukumar lambar yabon kiɗan Latin, wato Latin Grammy, ta karrama shi a ƙarshen 2013, amma ƙungiyar ta ci gaba da wasa a ƙarƙashin ɗansa Samuel, wanda ya daɗe yana riƙe da gangunanta tun mahaifinsa yana raye.