Bakan Mahaifina Ya Fi Ƙarfina

Ku samarin da kuka fara bin mu daji, kwari a rataye waya a aljihu, ina so ku ji wannan magana daga bakina kafin ku ji ta a jikinku. Shekara 27 ke nan ina riƙe da baka, dabba ba ta taɓa kwantar da ni ko na kwana biyu ba. Kafaɗata ta dama ce ta zaunar da ni kusan shekara guda, kuma ba wanda zan ɗora wa laifin sai kaina.

A daminar 2022 ruwa ya ci mu. Duk wanda ke zaune a bakin kogin Haɗeja, tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa, ya san abin da nake faɗa. Cikin watan Satumba shinkafata ta nutse tana gab da fitar da kai, katangar gidana ta gabas ta zube, muka koma kwana a ajin firamare. Takin da na zuba kuwa bashi ne. Da ruwa ya janye na leƙa rumbu babu ko dami ɗaya, sai na ce to ai ga daji. Harbin da a da nake yi don gado da ɗan abin miya, shi ya koma abincin gida.

Baka biyu gare ni. Akwai nawa, mai laushi, wanda hannuna ya saba da shi. Akwai na mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi baƙi wuluk saboda man da ya sha. Shi mutum ne mai faɗin ƙirji, ni kuwa jikin mahaifiyata na ɗauko. Tun yana raye ya taɓa ganin na ɗaga bakan nan ya ce, "Ajiye, kowa da nasa." A shekarar nan dinya ta yi wayo, ba ta bari a matso ta, sai na raya a raina cewa baka mai ƙarfi shi zai kai mini kibiya inda nawa ba ya kaiwa. Na sauko da shi daga inda yake rataye, alhali wata biyar rabona da jan tsirkiya.

Gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa ita ce kafaɗar ta fara magana tun kafin ranar. Lokacin da nake cilla tubali ana gyaran katanga nakan ji wani ɗan tsini idan na ɗaga hannu sama da kai. Idan zan zura hannun riga sai in ɗan cije baki. Da dare in na juya ta ɓangaren dama sai in farka. Duk na kira shi gajiya.

Wata asuba a watan Disamba, hunturu na kaɗawa, na durƙusa cikin kacala a bakin fadama har yatsuna suka sandare. Dinya uku suka sauka. Ban motsa jiki ba, ban ɗumama hannu ba, ina a karkace na ɗana kibiya na fizgi tsirkiya da ƙarfin damtse, gwiwar hannuna a ƙasa. Sai na ji ƙis a cikin kafaɗa, kamar zare ya tsinke, wani zafi ya sauko har tsakiyar damtse. Kibiya ta tafi inda ta ga dama.

Da a ranar na rataye bakan na faɗa wa wani, da labarin nan gajere ne. Maimakon haka kyamis na nufa, yaron shagon ya ƙulla mini ƙwayoyi huɗu a leda, abin da ake kira haɗi. Cikin awa ɗaya zafi ya ɗauke, washegari na koma fadama da bakan nan dai. Haka na yi ta yi har mako shida, kullum da safe, sau da yawa ciki ba komai. Ni da na san daji, na yi abin da ko yaro ba zai yi ba: kare na yi mini haushin ɓarawo, na tashi na ɗaure bakin karen na koma barci. Daga baya likita ya gaya mini irin waɗannan magungunan kashe zafi, kamar diclofenac, suna cin bangon ciki kuma suna wahalar da ƙoda idan aka daɗe a kansu. Ni cikin ne ya fara, ƙirjina na ƙuna dare da rana. Wani abokin tafiya har tramadol ya miƙo mini, Allah ya tsare ban karɓa ba. Ku ma kada ku karɓa, na ga yadda ta mayar da jarumawa.

Abin da har yau yake cin raina shi ne wata gada. A watan Janairu na same ta kusa, taki 20 bai cika ba, harbin da ba na kuskurewa. Ina cikin ja hannu ya yi rawa, kibiya ta same ta a cinyar baya. Na bi jini har la'asar, ya ɓace mini a cikin ƙaya. Ban ci ta ba, ban kuma bar ta da lafiyarta ba. Da yamma Kawu, dattijon da ya yi zamani da mahaifina, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, hannunka ne ko idonka?" Na ce hazo ne, Kawu. Ya yi shiru. Kunya ce ta sa ni ƙaryar, don kada a ce ɗan wane ya gaza jan bakan ubansa.

Da abin ya ƙi, na tafi wurin mai ɗori. Ba zan zage shi ba, ya san aikinsa, shi ya ɗora ƙafar ɗana ta miƙe sarai. Amma aikinsa ƙashi ne, ni kuwa ba abin da ya karye. Ya ja, ya murza, ya ɗaure mini hannu a ƙirji ya ce in kwance bayan mako biyu. Da na ji daɗin rashin motsin, ni da kaina na kai shi mako biyar. Ranar da na kwance, hannu ya ƙi wuce ƙirjina. Kabbarar salla da ƙyar, shafar kai a alwala sai da hagu, riga kuwa mai ɗakina ke sa mini kamar ƙaramin yaro.

Lokacin ne kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi ta watan Fabrairun 2023, wanda yake da abin sayarwa ma ba mai saye, balle ni. Na zama mutumin da yarana ke jin tarinsa su watse. Wata safiya ƙaramar 'yata ta zubar da kunu, na yi mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye. Uwarta ba ta ce komai ba sai da dare. Ta ce, "Malam, ba yaran nan suka sa maka ciwon nan ba. Na sayar da akuyata, ka tafi a duba ka." Wannan ma ku riƙe: ciwon da namiji ya ɓoye a waje, mutanen gida ne ke biyan kuɗinsa.

Bayan ƙaramar salla aka ba ni takarda zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, sai da aka yi sikanin. Likitan ya dunƙule hannu ya ɗora a kan tafin ɗayan, ya ce haka kafaɗa take: kan ƙashi ne zaune a ɗan rami marar zurfi, shi ya sa take juyawa ko'ina fiye da kowace gaɓa a jiki. Abin da ke riƙe da ita tsoka huɗu ne da jijiyoyinsu, waɗanda suka taso daga allon kafaɗa suka lulluɓe kan ƙashin. Ta saman ce ta ɗan yage a tawa, ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Ɗaurin da na tsawaita kuma shi ya sa gaɓar ta ƙage. Har sukari ya gwada ni, don ya ce masu ciwon sukari sun fi saurin samun irin wannan ƙagewa. Ya ƙara da cewa wanda ya ji irin wannan ƙis ɗin ko ya faɗi, hannu ya ƙi ɗaguwa, to ya zo da wuri, domin jijiyar da ta tsinke duka tana iya buƙatar tiyata, jinkiri kuma wahalar ɗinkin yake ƙarawa.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi. Na zaci wani babban inji za a sa mini, sai ga wata matashiyar ma'aikaciya ta ce, "Baba, sunkuya ka dafa tebur, ka saki hannun ya yi lilo." Daga nan sai tafiya da yatsu a jikin bango kamar gizo-gizo, sai ɗaga sanda da hannu biyu ina kwance. Na ji haushi, na ce wasan yara na baro gari na zo yi? Kwana kaɗan bayan haka, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya fi ƙarfina, don haka ta zana mini komai a takarda na koma gida. Na ɗaure tsohuwar robar cikin tayar keke a jikin darbejiyar ƙofar gida, safe da yamma ina ja, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. A bangon zaure nake shata da gawayi inda yatsuna suka kai. Wani makon shatin ya hau da faɗin yatsa biyu, wani makon ko kaɗan. Maƙwabta suka yi ta dariya har suka gaji.

A jikin robar nan na gane cewa shekara da shekaru ba daidai nake jan baka ba. Da baya ake ja. Ka sauke kafaɗar hannun da ke riƙe da baka, ka ɗaga gwiwar hannun da ke jan tsirkiya daidai da kafaɗa, ka matse allunan bayanka kamar za su haɗu. Bakan da ba za ka iya ja a hankali kana zaune ba, sai ka ɗaga shi sama ka fizgo, ba naka ba ne tukuna, ko na wane ne. In ka yi watanni kana gona, ka fara da 'yan kibau kaɗan a jikin buhun yashi kafin ka shiga daji. Da sanyin asuba ka juya kafaɗu har ka ji ɗumi. Zafin da ya tashe ka daga barci, ko ya wuce mako biyu bai sauka ba, ka rataye baka ka nemi asibiti, ka kuma gaya wa babban da kake bi, ko da zai yi maka dariya.

Sai a Disambar 2023 na sake fita, da bakan ɗana na fari a hannu, wanda na sassaƙa masa yana shekara 13. Kawu ya gani bai ce uffan ba, ya dai matsa ya ba ni wuri a gefensa. Zabo ɗaya na samo ranar. Har yanzu ba na iya kwanciya ta dama fiye da rabin awa, kuma shatin gawayin bai kai inda hagu take kaiwa ba, saura kamar faɗin tafi. Bakan mahaifina yana nan rataye a zaure, na sassauta masa tsirkiya. Jiya yaron ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Baba, yaushe zan gwada?" Na nuna masa robar da ke jikin darbejiya na ce ya fara ja mini 30 tukuna.