Colin Archer da darasin gindin jirgi

Sana'ata ƙera jiragen katako a bakin kogin Kwara, nan Yauri, ni da 'yan yaran da nake koya wa aiki. Madaci muke yi da shi idan an samu, mu haɗa da ƙusa, mu cusa auduga a tsakanin allunan, mu bi da kwalta. A cikin maƙeran jiragen da suka shuɗe, babu wanda aikinsa ke tsaya mini a rai kamar Colin Archer na ƙasar Norwe.

An haife shi a garin Larvik a 1832, iyayensa 'yan Sikotland ne da suka yi ƙaura zuwa can. Da ƙuruciyarsa ya tafi Ostareliya wajen 'yan'uwansa masu kiwon tumaki, sai 1861 ya dawo gida. Bai yi makarantar ƙera jirgi ba. Littattafan magabata ya zauna ya karanta, irin su Chapman na Suwidin da Scott Russell, yana gwadawa a ruwa. Kafin ya ajiye aiki a 1909 ya ƙera jirage wajen 200, ya rasu a 1921.

Duniya ta fi saninsa da jirgin Fram, wanda aka saka a ruwa a 1892 domin tafiyar mai bincike Fridtjof Nansen zuwa tekun ƙanƙara na arewa. Ƙanƙara kan matse jirgi har ta murƙushe shi. Archer ya yi wa Fram ciki mai zagaye, babu kusurwar da za a kama, ta yadda in an matse shi sai ya sulluɓe sama kamar jiƙaƙƙen sabulu a tafin hannu. Tsawonsa mita 39, faɗinsa mita 11, gajere mai ƙiba. Daga 1893 zuwa 1896 yana cikin ƙanƙara, ya fito lafiya, kuma shi ya kai wani mai binciken, Roald Amundsen, kudancin duniya a tafiyar 1910 zuwa 1912. Yana nan a ajiye a Oslo. Ya kuma ƙera jiragen shaƙatawa na masu hali, irin Asgard na 1905.

Amma ni ƙananan jiragensa na talakawa suka fi burge ni. A zamaninsa masu yi wa manyan jirage ja-gora zuwa tasha da masunta suna halaka da yawa a teku. Sai ya sake wa jiragensu fasali: tsini gaba da baya, ciki mai faɗi, nauyin ƙarfe can ƙasa a gindi, domin in igiyar ruwa ta kwantar da jirgi ya miƙe da kansa. A 1893 ya ƙera wa ƙungiyar ceto ta Norwe jirginta na farko, aka sa masa sunansa. A watan Mayun 1894 guguwa ta taso a Hamningberg da ke arewacin Norwe, wannan jirgin ya shiga inda wasu suka kasa, ya fito da mutum 36 da ransu.

Ruwanmu ba irin nasu ba ne, wannan gaskiya ce. Jirgin Archer mai zurfin gindi ba zai yi tafiya a Kwara ba lokacin rani, yashi zai riƙe shi, ga kututturan itatuwa da tafkin Kainji ya shanye suna jira a ƙarƙashi. Dole namu ya zama mai shimfiɗaɗɗen gindi. Abin da na ɗauka a wajensa shi ne tambayar da yake farawa da ita: wane ruwa jirgin zai shiga, me zai ɗauka, kuma ina nauyin zai zauna?

A nan muke samun saɓani da masu saye. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ƙara mini tsawo, rage faɗi, katako ya yi tsada." Siririn jirgi ya fi gudu, ya fi sauƙin mai, na sani. Sai dai ranar kasuwa za a ɗora masa buhunan shinkafa, babura, mata da goyo, wasu ma a zaune bisa kaya, nauyi duk ya koma sama. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwa na Warrah, a jihar Kebbi, na 2021 ya san abin da nake tsoro.

Shi ya sa a rumfata akwai faɗin da ba na sauka ƙasa da shi, kuma ba na rage haƙarƙarin jirgi don a samu rangwame. Kowane jirgi muna ja masa layi da fenti a gefe, in ruwa ya taɓa layin to lodi ya isa. Wasu sun fasa ciniki sun tafi inda za a yi musu da araha, abin yana yi mini ciwo, don ni ma ina da iyali da yaran da zan sallama. Waɗanda suka tsaya, tare muke zama mu lissafa buhu nawa da mutum nawa kafin zarto ya taɓa katako.